Mai mota, san man motarka da kanka

Ya kai mai karatu, ko akwai mota a gidanku? Ko taka ce, ko ta mahaifinka, ko ta wanka, maganar nan ta shafe ka. Ke ma ƴar'uwa ta shafe ki, don ranar da ciwo ya tashi da dare, motar nan ce za ta kai yaro likita.

Mafi yawan motocin gidajenmu tsofaffi ne. Wasu sun yi shekaru suna aiki a Turai kafin a sauke su a Kwatano. Wasu kuwa Peugeot 504 ce, irin wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975. Tsohuwar mota kamar tsohon mutum take, tana son a riƙa duba lafiyarta kullum. Ra'ayina shi ne, wanga aiki na mai mota ne. Bai kamata ka bar ma yaron gareji shi duka ba. Duba mai da ruwa, har da juyen mai da muke ce ma bidanji, aiki ne da za ka iya da hannunka, balle yanzu da ka iya karatu.

Domin mi? Bari mu fara da aikin da mai ke yi. In mota tana gudu bisa kwalta, inji yana juyawa wajen sau 3.000 a minti ɗaya. Ƙarfe ne ke gogar ƙarfe. Mai shi ke shiga tsakaninsu ya hana su cin juna. Shi ke rage zafi, shi ke kwashe dauɗa ya kai ta filta. Ga shi ƙasarmu ba ta raga ma mai. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40. Da hunturu kuma ga ƙura ko'ina. Zafi yana gajiyar da mai, ƙura tana mai da shi kamar yashi cikin inji. Ƙari kuma, tsohon inji yakan sha mai kaɗan kaɗan, ko ya yi yoyo. Ran da mai ya ƙare, inji ya buga. Kuɗin gyaran injin da ya buga ya ninka kuɗin galan ɗaya na mai sau da yawa. Gidaje nawa ka sani da mota ke ajiye a ƙofa, kaji na kwana ƙarƙashinta? Rigakafi ya fi magani.

Duba mai ba shi da wuya. Sau ɗaya a mako, da safe kafin ka tada inji, ka tabbata mota na tsaye wuri mai daidai, ba gangare ba. Buɗe kapo. Zaro ƙarfen awon mai, ka share shi da tsumma mai tsabta, ka mai da shi har ƙarshe, ka sake zarowa. Za ka ga alama biyu a bakinsa, ta ƙasa da ta bisa. A motoci da yawa an rubuta MIN da MAX. Mai ya tsaya tsakanin su biyu. Daga ta ƙasa zuwa ta bisa, galibi wajen lita 1 ne. In ya sauka, ƙara kaɗan, ka dakata, ka sake awo. Kar ka zarce alamar bisa. Yawan mai ma ɓarna ne, yakan yi kumfa, ya sa inji yoyo.

Dubi launinsa kuma. In man ya yi fari fari kamar shayi da madara, ruwa ya shiga inji. Wannan ba naka ba ne, nemi bakanike tun da wuri. Haka in kana tafiya jar fitila mai siffar buta ta kama gabanka, tsaya nan take ka kashe inji. Kar ka ce bari in ƙarasa gari.

Wani zai ce: "Malam, ai ni kullum ina ƙara mai, mi zai sa in yi bidanji?" Ɗan'uwa, in ruwan randa ya gurɓace, ƙara sabo bisa shi ba ya mai da shi na sha. Sai an zubar an wanke randa. A tsohuwar mota da man da aka saba, cikin zafi da ƙura irin namu, ka juye mai duk kilomita 5.000, ko duk wata 6, wanda ya riga zuwa. Kilomita 5.000 wajen zuwa da komowa 10 ke nan tsakanin Maraɗi da Damagaram. Ko motar ba ta tafiya mai nisa, mai yana tsufa cikin inji.

Nan ne karatunka zai yi maka rana. Sayi ƙaramin littafi ka ajiye cikin mota. Duk ran da aka juye mai, rubuta kwanan wata da lambar da ke bisa agogon kilomita. In agogon ya mutu, kamar na tsofaffin motoci da yawa, kwanan wata ya isa. Kai yana mantuwa, takarda ba ta mantuwa.

Karanta kuma abin da ke jikin galan kafin ka biya. Za ka ga lamba kamar 20W-50 ko 15W-40. Lambar ƙarshe tana nuna kaurin mai in inji ya yi zafi. Tsofaffin injina a ƙasa mai zafi galibi irin waɗannan suke so. Motocin baya baya kuwa da yawa suna son mai mara kauri. In kana da littafin motar, bi abin da ya ce. Ka sayi galan mai rufe, wanda ba a taɓa buɗe murfinsa ba. Man da ake aunawa cikin kwalabe bakin hanya, ba ka san asalinsa ba. Akwai masu tace tsohon mai su sayar kamar sabo. Araha ba ta ado.

Ga yadda ake bidanji. Tanadi sabon mai, wajen lita 4 ga ƙaramar mota, da sabuwar filta, da sifana, da tsohuwar roba mai faɗi. Tada inji minti 5 don mai ya yi ɗumi, sannan ka kashe. Ja birkin hannu, ka sa duwatsu a tayoyi. Kar ka kuskura ka shiga ƙarƙashin mota tana bisa jak kaɗai. Jak yakan zame, mota kuma ba ta da tausayi. Sa kututturen icce mai ƙarfi ya tare ta, ko ka nemi rami irin na gareji. Ajiye robar ƙarƙashin inji, ka kwance notin zubar da mai, ka kiyaye hannunka. Bar shi ya tsiyaye minti 10 ko 15. Mai da noti ka ɗaure, amma ba da ƙarfin tsiya ba, kar ka cinye zaren. Kwance tsohuwar filta. Shafa ɗan sabon mai a robar bakin sabuwar, ka ɗaure ta da hannu. Zuba mai, ka auna. Tada inji minti ɗaya, ka ga jar fitila ta mutu, ka leƙa ƙasa ko akwai yoyo. Kashe, dakata kaɗan, sake awo. Shi ke nan. Tun da kapo na buɗe, ciro filtar iska ka kakkaɓe ƙurarta. In ta toshe ƙwarai, sake ta.

Bayan man inji, akwai ruwa uku da za ka sa ma ido.

Na farko ruwan lagireto, mai sanyaya inji. Duba shi da safe inji na sanyi. Kar ka taɓa buɗe murfinsa inji na da zafi, tafasasshen ruwa zai yi tsalle ya ƙona maka fuska. Ruwan wasu rijiyoyinmu yana da kanwa da gishiri, yana barin farin dutse da tsatsa su toshe lagireto. Ruwan sanyaya inji na kanti ya fi. In tilas ta kama a hanya, sa ruwa mai tsabta.

Na biyu man birki. Yana cikin wata ƴar farar roba kusa da gilashin gaba. A murfinta za ka karanta DOT 3 ko DOT 4. Abin da aka rubuta shi za ka saya. Kar ka zuba man inji ciki ko ɗigo ɗaya, yana kumbura robobin birki su lalace. In ka ga yana raguwa da sauri, akwai yoyo, kar mota ta ɗauki kowa sai an gyara. Man birki yana shan raɓa daga iska, shi ya sa ake sake shi duk shekara 2. Wannan sakewa aikin bakanike ce, don sai an fid da iska daga bututu.

Na uku ruwan batir, in naka mai murfuna ne. Ruwa ya rufe farantan da ke ciki. Ƙara tataccen ruwan batir na kanti, ban da ruwan rijiya, ban da asid.

Wani kuma zai ce: "To, ba mu tauye ma bakanike abincinsa ba?" A'a. Birki, da giya, da cikin inji duk nasa ne. Bakanike na ƙwarai ma ya fi son mai motar da zai ce masa: "Na juye mai ran kaza, daga nan ya ragu da rabin lita." Aikinsa ya yi sauƙi, kai kuma ba a yi maka rufa ido. Ko ba ka son ɓata hannu, tsaya a kai, a buɗe galan gabanka, ka ga tsohuwar filta da idonka.

Saura magana ɗaya, baƙin man da ka juye. Kar ka zuba shi ƙasa, ko cikin kwata, ko kusa da rijiya. Yana nutsewa ya ɓata ruwan da muke sha. Kar a shafa shi bisa miki, na mutum ko na jaki, don guba ce gare shi, ba magani ba. Ɗura shi cikin galan ka rufe, nesa da yara, ka kai gareji inda ake tara shi. Wanke hannu da sabulu kafin ka ci abinci.

Ɗan'uwa, ka sha wahala ka koyi baƙi da lissafi. Amfanin ilimi aiki da shi. Gobe da safe buɗe kapo, kira ɗanka ko ɗiyarka su tsaya kusa da kai, ku karanta MIN da MAX tare. Allah ya kiyaye hanya.