Faifan Fim da Wayar Salula: Taura Biyu Ba Ta Taunuwa

Akwai wata shawara da muke yawan ji a bakin matasa masu sha'awar harkar fina-finai, wadda kuma ta fara shiga kunnen wasu daga cikin 'yan kasuwarmu. Shawarar ita ce, wai hanyar da za a bi a farfaɗo da cinikin faifan fim shi ne a ɗaura masa aure da wayar salula. Wato a buga wata lamba a bayan kwalin faifai, wanda ya saya ya haska ta da wayarsa, ya sauke manhaja, sannan yana kallon fim a talabijin, waya kuma tana nuna masa hirar 'yan wasa da yadda aka ɗauki fim ɗin da waƙoƙinsa da sauran ƙarin kaya daga intanet. Maganar tana da daɗin ji. Amma tun da magana ce da ta shafi jarin mutane, ya zama wajibi mu auna ta kafin wani ya zuba kuɗinsa. Ra'ayinmu a taƙaice shi ne, wannan haɗi ba ya ƙara wa kallon faifai komai, kuma ba zai dawo da kasuwar da ta tafi ba. Ga dalilanmu.

Da farko dai, dabarar ba sabuwa ba ce. Manyan kamfanonin fim na Amurka sun gwada ta shekaru da dama da suka wuce, da kuɗi masu yawa da ƙwararrun ma'aikata. A 2008 suka fito da tsarin da ake kira BD-Live, inda ake jona na'urar faifan Blu-ray da intanet domin ta ɗauko tallan sababbin fina-finai da wasanni da makamantansu. A 2011 kamfanin Disney ya fito da manhajarsa ta allo na biyu, ya fara da fim ɗin Bambi. Manhajar tana sauraren sautin fim ɗin ta cikin iPad ko kwamfuta, tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da shi, tana nuna zane-zane da bayanai. A wannan shekarar ce kuma aka buɗe UltraViolet, wata ma'ajiya a intanet, inda wanda ya sayi faifai zai shigar da lambar da ke cikin kwali ya sami kwafin fim ɗin a wayarsa. Yau ina suke? Manhajar Disney ta ɓace. UltraViolet an rufe ta ranar 31 ga Yulin 2019, alhali mutane sama da miliyan 30 sun yi rajista da ita, aka ce kowa ya kwashe kayansa ya koma wani shago. Yawancin abubuwan BD-Live kuwa, ko ka danna ba abin da zai fito. Faifan Bambi na 2011 dai har gobe in ka sa shi a na'ura zai yi. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Abin lura a nan shi ne bambancin abin da ke cikin faifai da abin da ke cikin intanet. Abin da aka buga a faifai naka ne, yana cikin akwatinka, ba mai zuwa ya karɓe. Abin da ke intanet kuwa yana ajiye ne a kwamfutar wani kamfani a wata ƙasa, wanda kullum sai ya biya kuɗin wuta da na ma'aikata kafin ta ci gaba da aiki. Ranar da ya ga ba riba, sai ya kashe ta, ba tare da ya nemi izinin wanda ya saya ba. Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin wannan, domin ba wanda zai yarda ya biya kuɗin buhun shinkafa amma a ce buhun zai zauna a shagon mai sayarwa, kuma mabuɗi yana hannunsa. Zanen aro ba ya rufe katara. In kamfanonin da suka mallaki biliyoyin daloli sun kasa riƙe irin wannan alkawari na shekara goma, wane tabbaci ƙaramin furodusa na Kano ko Maraɗi zai ba mai saye cewa lambar bayan kwali za ta yi aiki baɗi?

Dalili na biyu ya shafi yanayinmu. Mu a nan ba mu taɓa shiga zamanin Blu-ray ba. Daga kaset muka koma sidi, daga sidi muka koma dibidi, da na'urorin Sin masu araha waɗanda ba su san wani abu wai shi intanet ba. Kuma darajar faifai a wurinmu ita ce ba ya neman rezo. Ba mu manta ba, ranar 20 ga Nuwamban 2021 aka yanke intanet na waya a faɗin Burkina Faso har tsawon kwana takwas, aka kuma sake yankewa a Janairun 2022. A yankunan Gabas da Sahel 'yan bindiga sun lalata turakun sadarwa da dama, har wasu garuruwa suka daɗe ba kira balle intanet. Ga kuma ɗauke wuta da muke fama da shi a watannin zafi. Mai faifai da ƙaramar talabijin da batirin sola yana kallonsa a duk waɗannan halaye. To don me za a ɗauki abin da ke tsaye da ƙafarsa a jingina shi da abin da ke faɗuwa kullum? Sannan ga kuɗin data. Faifan dibidi ɗaya yana ɗaukar giga 4.7. Mai karatu ya tambayi kuɗin giga huɗu a wajen Orange ko Moov ko Telecel, ya kwatanta da kuɗin faifai. Wanda ya sayi faifai don gudun kashe data, ba zai gode wa wanda ya sake tura shi sayen data don ya ga ƙarin kaya ba.

Dalili na uku shi ne yadda muke kallo. Tun daga Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi a Kano a 1990, har zuwa zamanin Sangaya da Wasila, fim ɗin Hausa abin taro ne. A tsohon Zango, kafin aikin ZACA ya rushe Zangouettin da unguwannin da ke maƙwabtaka da ita a 2003, ya watsa jama'a zuwa Ouaga 2000 da Nioko, sabon kaset daga Kano kan zaga gida biyar ko shida kafin ya koma hannun mai shi. Ana fito da talabijin tsakar gida bayan sallar isha'i, uwargida da amarya da yara da maƙwabta a kan tabarma ɗaya. Yaran da aka haifa a nan, waɗanda bakinsu ya fi karkata ga Mosanci da Faransanci, da yawa a gaban wannan talabijin suka gyara Hausarsu. In abin da bai dace ba ya fito, akwai babba a wurin da zai ce a wuce. Waya kuwa ta mutum ɗaya ce. Da zarar an ce kowa ya riƙe tasa yana duba ƙarin bayani, taron ya watse ko da kowa na zaune a wurinsa. Kuma ido ɗaya ba ya kallon allo biyu. Wanda ya sunkuya yana karanta tarihin jaruma, kafin ya ɗago kai maganar da labarin ya rataya a kanta ta wuce, sai ya dami na kusa da tambaya. Taura biyu ba ta taunuwa.

Amma fa kada a ɗauka muna gaba da waya ne, ko muna cewa zamanin faifai zai dawo kamar da. Gaskiya ɗaya ce, waya ta riga ta ci kasuwar. Sai dai ba a matsayin 'yar rakiyar faifai ta shigo ba, ta zo ne ta gaje shi. Masu tura fim a waya sun cika tashoshin mota da bakin kasuwanni, memori ɗaya mai giga 32 yana ɗaukar fina-finai gommai, kuma wanda ya samu yana tura wa abokinsa ta Xender a cikin minti kaɗan. Manyan dilolin Ƙofar Wambai da Bata a Kano, waɗanda a da su ne ke ba furodusoshi jari, da yawansu sun koma wata sana'a. Tashar Arewa24 ta buɗe a 2014, ta saba wa mutane da fim mai dogon zango irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in. Northflix ta fito a 2019. A 2020 Izzar So da Labarina suka nuna cewa mai kallo a Wagadugu ko Kumasi ko Jidda zai iya ganin sabon kashi a YouTube a daren da aka sake shi, ba sai ya jira motar kaya ta tsallake iyaka ba. Wanda ya ga yadda rufe iyakar Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 ya tsayar da kaya, ya san wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Ko a Amurka, Netflix da ya fara da aika faifai ta gidan waya a 1998, ya aika na ƙarshe ranar 29 ga Satumban 2023.

To wannan ma hujja ce a kan masu waccan shawara. Wanda yake da wayar da za ta ɗauki manhaja, yake kuma da kuɗin data, me zai kai shi sayen faifai? Fim ɗin gaba ɗaya yana hannunsa. Wanda kuma har yanzu yake sayen faifai, yawanci dattijo ne, ko uwargida a gida, ko mai gidan kallo a ƙauye, ko makiyayi da ya shigo cin kasuwar mako, waɗanda ko dai ba su da irin wannan waya, ko ba su da rezo, ko ba su son wahalarta. Ke nan an shirya ƙarin ne don wanda ba zai sayi faifan ba, an bar mai sayen ba a yi masa komai ba.

In ana son a kyautata wa mai faifai, abin da yake kuka da shi a bayyane yake, kuma duk maganinsa a cikin faifan yake. Yana son hoto mai kyau, ba a cusa fina-finai goma a faifai ɗaya har fuskar mutum ta dagule ba. Yana son sauti wanda kiɗa bai danne magana ba. Yana son faifai mai ƙwari wanda ba zai tsaya a tsakiyar labari bayan kallo uku ba. Yana son a rage dogon tallan da ake jerawa kafin fim ya fara. Mu kuma na ƙasashen sefa muna da buƙata ta musamman: fassarar da ake rubutawa a ƙasan allo kusan kullum da Turancin Ingilishi take, alhali maƙwabtanmu Mosawa da Gurmawa da Zabarmawa masu son fim ɗin Hausa Faransanci suka karanta. Tsarin dibidi yana ba da damar a sa fassara fiye da ɗaya, mai kallo ya zaɓa da rimot. Furodusan da ya yi wannan ya buɗe wa kansa kasuwar Burkina da Nijar da Togo da Benin da Kwaddibuwa. In ma akwai hirar 'yan wasa ko bayan fage, a zuba su a cikin faifan, wanda ya biya ya mallake su har abada.

Akwai kuma wani aiki da faifai zai yi wanda waya ba ta yi, wato adana tarihi. Nan Wagadugu ne gidan FESPACO tun 1969, kuma nan ne ma'ajiyar fina-finan Afirka take, wadda ambaliyar 1 ga Satumban 2009 ta shiga ta lalata kaya masu yawa. In wurin da hukuma ke kula da shi ya gamu da haka, ina ga fina-finan Hausa na shekarun 1990 da ke kan kaset a ɗakunan da ke yoyo? Abin da ke YouTube ma ana iya goge shi da dannawa ɗaya. Fitar da tsofaffin fina-finai a faifai mai inganci, da izinin masu su, sana'a ce ƙarama amma mai ɗorewa, domin akwai masu neman su don tuna baya, kuma suna iya biya.

Saboda haka muna kira ga 'yan uwa 'yan kasuwa, Alhazai da Hajiyoyi, kada wani ya ƙara ko dala ɗaya a kan kuɗin sari don an ce faifai yana da lamba ko manhaja. A duba ingancin bugu, a gwada a na'ura kafin a biya, a sari kaɗan daidai da masu saye. Waya kuma a ba ta aikin da ta iya: a tura wa abokan ciniki tallan sabon fim ta WhatsApp, a karɓi oda, a karɓi kuɗi ta Orange Money ko Moov Money. Masu tura fim su ma su ji tsoron Allah su nemi hanyar biyan masu fim haƙƙinsu, domin in gona ta mutu ba mai sauran abin turawa. Hukumar kare haƙƙin mallaka ta BBDA da takwarorinta na Nijar da Najeriya su zauna da su a fitar da tsari mai sauƙi wanda talaka zai iya bi. Iyaye kuma, ko faifai ne ko memori aka jona a talabijin, a ci gaba da kallo tare, a ajiye wayoyi gefe har fim ya ƙare.

Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya tsare hanyoyinmu, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, amin.