Tsaunuka da koramun da kwamfuta ke zanawa: Ina aka bar masu zanen?

Duk wanda ke shiga kasuwannin kan iyaka irin su Konni da Illela, ko Maraɗi da Jibiya, ya san rumfunan masu sayar da kalanda da hotunan bango da labule. A jikin wannan haja akan ga tsauni mai ƙanƙara a kansa, ko korama tana gangarowa daga dutse, ko tafki da rana ke faɗuwa a bayansa. Magidanta da dama sun fi son irin waɗannan hotuna a ɗakunansu, saboda babu surar mutum ko ta dabba a ciki. Sai dai abin da ba kowa ya sani ba shi ne, wasu daga cikin wuraren nan babu su a doron ƙasa. A cikin kwamfuta aka gina su, da manhajoji na musamman da aka ƙera domin zanen shimfiɗar ƙasa.

Tun cikin shekarun 1990 mujallun kwamfuta da jaridun Turai da Amurka ke ba da labarin waɗannan manhajoji, kuma galibi salon labarin ɗaya ne. Sunan manhajar shi ke hawa kanun labari, a buga ƙayataccen hoto a ƙasansa, a yi ta mamakin abin da na'ura ta iya. Shi kuwa wanda ya zauna ya yi aikin, in ma an ambace shi, sai a can ƙasa da ƙananan haruffa. Wannan salo ya sa mai karatu ke ɗaukar cewa maɓalli kawai ake latsawa hoto ya fito, alhali tarihin fasahar kansa tarihin mutane ne.

A shekarar 1975 wani masanin lissafi mai suna Benoit Mandelbrot, wanda ke aiki da kamfanin IBM, ya jawo hankalin duniya kan cewa siffar tsauni ko gaɓar teku tana maimaita kanta, wato ƙaramin ɓangare yana kama da babban. A 1980 Loren Carpenter, ma'aikaci a kamfanin ƙera jiragen sama na Boeing, ya yi amfani da wannan tunani ya haɗa wani ɗan fim na minti 2 mai suna Vol Libre. Dabararsa ita ce a ɗauki siffa mai kusurwa uku a raba ta gida huɗu, a ɗan ɗaga wasu wurare a sauke wasu, sannan a yi ta maimaitawa har tudu da kwari su bayyana. Bayan shekara 2 an yi amfani da dabarar a fim ɗin Star Trek II, shi kuma Carpenter daga baya ya kasance cikin waɗanda suka kafa kamfanin Pixar.

Daga nan fasahar ta sauko zuwa kwamfutar gida. Manhajar Bryce ta fito a 1994, sai Terragen wadda Matt Fairclough ya ƙirƙiro a Ingila, da kuma Vue ta kamfanin e-on na Faransa. An yi amfani da Vue a wasu sassa na fim ɗin Avatar na 2009, kuma tsaunin da ke cikin tambarin kamfanin fina-finai na Paramount da aka sabunta a 2011, da Terragen aka zana shi. To amma manhaja ita ma haja ce, tana da lokacinta. Bryce ta sauya hannu daga kamfani zuwa kamfani har sabunta ta ya tsaya, yayin da kamfanin Bentley da ya sayi e-on a 2015 ya daina sayar da Vue a 2024, ya bar ta kyauta ga mai so.

Abin da labaran ba su cika bayyanawa ba shi ne yawan shawarar da mai zane ke yankewa. Shi zai zaɓi tsawon tsauni, da inda rana za ta tsaya, da kaurin hazo, da launin ruwa, da irin itatuwan da za su tsiro a gangare. Bayan haka ne kwamfuta za ta lissafa yadda haske ke sauka a kan kowane ɗigo na hoton, aikin da a kwamfutocin da kan ɗauki sa'o'i masu yawa. In bai yi kyau ba a gyara a sake. Duk wanda ya taɓa kai shadda wurin tela ya san cewa keken ɗinki iri ɗaya ne a shago goma, amma ba ɗinki ɗaya ke fitowa ba.

Ruɗanin yakan juya ta ɗaya gefen ma. Hoton nan na koren tudu da shuɗiyar samaniya da ke fuskar Windows XP tun 2001, mutane da yawa sun ɗauka aikin kwamfuta ne. Alhali Charles O'Rear ne ya ɗauke shi da kyamara a yankin Sonoma na jihar Kalifoniya. Ke nan ido kaɗai ba ya isa ya raba na gaske da na haɗi.

Zuwan ƙirƙirarriyar basira ya ƙara dagula lamarin, domin yanzu da rubutu kawai ana iya umartar kwamfuta ta fitar da hoto. A 2022 wani Ba'amurke mai suna Jason Allen ya ci gasar zane a bikin baje kolin jihar Kolorado da hoton da ya haɗa da manhajar Midjourney, kafofin watsa labarai kuwa suka yi ca a kai. A 2023 ofishin kare haƙƙin mallaka na Amurka ya ƙi yi wa hoton rajista da sunansa, bisa hujjar cewa kason na'ura a aikin ya yi yawa. Tun daga lokacin labarai da dama ke cakuɗa mai gina hoto dutse bayan dutse da mai rubuta umarni na layi biyu, duk a kira su hoton kwamfuta.

Abin tambaya a nan shi ne, mene ne ruwan ɗan kasuwa da wannan? Da farko akwai batun haƙƙi. Idan aka saba jin cewa na'ura ce ta yi, sai a ga kamar hoton ba shi da mai shi, a kwafe shi daga intanet a buga a kalanda dubbai, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Alhali a Nijar akwai hukumar BNDA mai kula da haƙƙin masu fasaha, a Najeriya kuma an sa hannu kan sabuwar dokar haƙƙin mallaka a 2023. Na biyu akwai amana tsakanin mai saye da mai sayarwa. Idan abokin ciniki ya tambayi wace ƙasa ce wannan, bai dace a laƙaba wa hoton sunan wani gari domin a ƙara masa kuɗi ba.

Na uku kuma shi ya fi shafar aljihu. Irin wannan fasaha ce masu gina rukunin gidaje da sabbin kasuwanni ke amfani da ita wajen talla, inda za a ga shaguna jere, da kwalta, da itatuwa masu inuwa, tun ba a aza tubali ko ɗaya ba. Zanen ba laifi ba ne, domin yana nuna abin da ake da niyyar ginawa, amma niyya daban, gini daban. Kafin ɗan kasuwa ya ba da kafin alƙalami, ya kamata ya je ya taka filin da ƙafarsa, ya ga takardu, kada a yi cinikin biri a sama.

Don haka akwai buƙatar 'yan jarida su riƙa faɗin wanda ya yi hoto, da abin da ya yi amfani da shi, da kuma ko wurin yana nan ko babu. Ambaton sunan mai zane yana ba shi haƙƙinsa, kuma yana nuna wa jama'a wanda za su tuhuma idan aka yi amfani da hoton wajen yaudara.