Kafin 'yan jari-bola su auna Fijon Baba, a fara ɗauko waya

A Funtuwa da Malumfashi da garuruwan kewayensu irin su Bakori, Ƙafur da Ɗanja, ba abin mamaki ba ne a shiga gidan tsohon dillalin auduga ko tsohon malamin gona a tarar da mota a kafe bayan zaure, tayoyi sun sace, kaji sun mayar da ƙarƙashinta akurki. Yawanci Fijo 504 ce, ko akori-kura 404, jefi-jefi Marsandi ko Land Rover. Yawancinsu sun shigo yankin ne a shekarun 1970 da 1980, lokacin da kuɗin auduga ke yawo, kuma shirin bunƙasa noma na Funtuwa, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa, yake kan ganiyarsa.

A yau mutum biyu ne suka fi saurin yi wa irin wannan mota kuɗi, kuma babu wanda ya kamata a bi maganarsa ido rufe. Na farko ɗan jari-bola ne, wanda shi ba mota ya gani ba, ƙarfe ya gani, lissafinsa kilo nawa za ta ba da. Na biyu matashin gidan ne, wanda ya ci karo da bidiyo a TikTok cewa an sayar da wata tsohuwar mota biliyoyin naira a Turai, ya wayi gari yana yi wa motar Baba kallon taska.

Bidiyon ba ƙarya ba ne. A watan Mayun 2022 an yi gwanjon wata Mercedes-Benz 300 SLR Uhlenhaut ƙirar 1955 a birnin Stuttgart na Jamus a kan yuro miliyan 135. A 2018 kuma wata Ferrari 250 GTO ta 1962 ta tafi a kan dala miliyan 48.4 a Amurka. Abin da mai bidiyon ba ya tsayawa ya faɗa shi ne, guda biyu rak aka ƙera irin waccan Marsandin, ita kuma Ferrari guda 36. Tsufa kaɗai ba ya sa mota tsada. Ƙarancinta ne, da tarihinta, da kuma samun shaidar cewa ita ce ɗin, ba a yi mata sauye-sauye ba.

Fijo 504 ta gida ba ta da wannan ƙarancin. Kamfanin PAN ya fara harhaɗa motocin Peugeot a Kakuri cikin Kaduna a 1975, ya ci gaba da fitar da 504 har cikin shekarun 2000, shekaru da yawa bayan Faransa ta daina yin salun ɗinta a 1983. An yi ɗaruruwan dubbai. Ita ce motar gwamnati, ita ce tasi, ita ce motar kai amarya. Duk wanda ya ce wa iyalinsa Fijon da ke bayan zaure za ta gina musu bene, yaudararsu ya yi.

Amma kuma ba gwangwani ba ce. Wannan ƙirar ta lashe kambun motar shekara a Turai a 1969. Da ita Ove Andersson ya ci tseren Safari na Kenya a 1975, kuma Jean-Pierre Nicolas ya sake cin sa a 1978 da 'yar'uwarta mai ƙofa biyu da injin V6. Wannan mai ƙofa biyun, da wata mai buɗaɗɗen rufi, kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana su, ba a Kaduna aka harhaɗa su ba, kuma su ne masu tara motocin tarihi ke farauta da gaske. Idan aka yi dace wani attajiri ya taɓa shigo da ɗaya tana nan kwance a wani gareji, to, wannan magana ce ta daban. Ko salun da akori-kura ɗin ma, kullum raguwa suke yi, domin kowace rana ana yanka wasu ana loda wa tirela. Wadda ta tsira da injinta na asali da bodi mara tsatsa tana da masu nema, a gida da waje. Tsakanin kuɗin kilo da mafarkin TikTok akwai farashi na gaskiya, kuma ba a gano shi sai da shaida.

A nan ne wayar ta shigo. Darajar tsohuwar mota rabinta a jikin ƙarfe take, rabinta a takarda. Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976 tana nan a gidan tarihi na ƙasa da ke Legas. Ba ingancin injinta ya kai ta can ba, sanin ko ta wace ce da abin da ya faru a cikinta ne. Motar gida ma haka take, daidai nata matsayin. Rasit ɗin saye, tsohon lasisin mota, littafin sabis, hoton Baba tsaye kusa da ita ranar sallah, duk suna ƙara mata nauyi. Jihar Katsina sai a 1987 aka cire ta daga Kaduna, don haka takardar rajistar motar Funtuwa da ke ɗauke da sunan Jihar Kaduna ita kanta shaida ce ta shekaru. Irin waɗannan takardu ne gara ke cinyewa a cikin adaka, ko a kunna murhu da su ba a sani ba. Minti goma da kyamarar waya sun isa a cece su, a ajiye kwafi a Google Drive, a tura wa wani ɗan'uwa ɗaya ko biyu don kada su ɓace tare da wayar.

Daga nan sai jikin motar. A ɗauki hoton lambar shasi da lambar inji a fili yadda za a iya karantawa, a gwada su da abin da ke cikin takardu. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai a wannan yanki, inda makanikai suka saba cire injin Fijo su dasa na wata mota don aikin ɗaukar masara da waken suya. Ga direba wannan gyara ne mai kyau. Ga mai tara motocin tarihi kuwa, ragi ne babba. A ɗaga tabarmar ƙasa a ɗauki hoton daɓen, a leƙa ƙarƙashin ƙofofi da but, wuraren da tsatsa ke fara ci. A yi bidiyon tayar da injin da safe yana sanyi, idan yana tashi. Kuma kada a yi gaggawar kai ta wurin mai fenti. Sabon fenti a kan tsohuwar mota tambaya yake jawowa, me aka rufe? Masu saye na gaske sun fi son su ga fentin asali ko da ya koɗe.

Wurin neman farashi ne matasa suka fi zamewa. Abin da ake gani a Jiji ko Facebook Marketplace kuɗin da mai kaya ya sa ne, ba kuɗin da aka biya ba, kuma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Shafin gwanjo irin Bring a Trailer ya fi amfani, domin yana nuna inda ciniki ya faɗa. Kamfanin Hagerty na Amurka, wanda sana'arsa inshorar motocin tarihi ce, yana kasa mota aji huɗu gwargwadon lafiyarta, daga wadda ta isa shiga gasar nuni zuwa wadda ake hawa da lahaninta a fili. Tazarar kuɗi tsakanin aji na ɗaya da na huɗu tana da faɗi sosai. Motar da ta shekara goma a kafe kuwa, ko aji na huɗun ba ta kai ba tukuna. Sannan farashin Turai na motar da ke Turai ne. Wadda ke Malumfashi sai an cire kuɗin ɗaukarta zuwa Legas, da na jirgin ruwa, da na takardu, da na gyara. Mai hankali zai haɗa abin da ya gani a intanet da ra'ayin tsohon makanikin Fijo da na dillalan mota biyu waɗanda ba su ne za su saya ba, ya rubuta kowanne da kwanan wata.

Wani zai ce wannan wahala ce a kan kwarababbiyar mota. Amsar tana wurin rabon gado. Idan mai gida ya rasu, mota tana cikin dukiyar da za a yi wa ƙima a raba. Sau da yawa wani daga cikin manyan 'ya'ya ne zai ce shi zai ɗauka, a yi mata kuɗin jari-bola a cire daga kasonsa. Idan ta fi haka daraja, haƙƙin matan mamaci da na marayu ƙanana aka ci, ko da ba da niyya ba. Idan kuma aka bi mafarkin TikTok aka ɗora mata kuɗin da ba ta kai ba, wanda aka ba shi ita a matsayin rabonsa shi aka zalunta. Matashin da ya zo gaban masu rabo da hotuna da lambobi da ƙima uku a rubuce ya yi wa gidan aikin da ya fi ƙarfin surutu.

Sai maganar inshora, ga wanda ya gyara motar ya mayar da ita kan titi. Takardar da yawancin masu mota ke riƙewa ita ce ta kare mutum na uku, wadda doka ta wajabta. Tun 1 ga Janairun 2023 hukumar NAICOM ta ɗaga kuɗinta daga naira 5,000 zuwa 15,000 ga motar gida, tana biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 3, kuma 'yan sanda sun ƙara matsa lamba a kanta daga 1 ga Fabrairun 2025. Abin da mutane da dama ba su gane ba shi ne, wannan takarda ba ta biyan ko sisi a kan motar mai ita. Wanda aka buge take biya. Idan Fijon da aka kashe wa kuɗin kaka biyu ta ƙone a hanyar Bakori, asara ce tsantsa. Ga kuma matsalar jabu, domin ba kowace takarda da aka miƙo tare da lasisi ce ta gaske ba, kuma wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Dubawa ba ta da wuya. A shiga shafin askniid.org, ko a danna *565*11# a sa lambar mota. Idan sunan kamfani bai fito ba, a koma wurin wanda ya sayar da takardar tun kafin wani abu ya faru.

Cikakkiyar inshora ce ke biyan motar kanta, kuma ƙa'idar NAICOM ta ce kuɗinta ba zai gaza kashi 5 cikin ɗari na ƙimar motar ba. Wato motar da aka yi wa ƙimar naira miliyan 2, aƙalla naira 100,000 ce duk shekara. Sai dai akwai rami a nan. Inshorar mota ta yau da kullum tana biyan farashin kasuwa ne a ranar da asara ta auku, kuma lissafinta an gina shi ne a kan cewa mota kullum faɗuwa take yi. Ga Corolla 'yar Kwatano wannan daidai ne. Ga motar shekara arba'in da aka gyara da kayan asali kuwa, mai binciken kamfani zai iya cewa farashin kasuwarta bai wuce na ƙarfe ba, alhali shekara da shekaru ana karɓar kuɗi a kan miliyan 2.

Maganin da Ingila da Amurka suka daɗe da samu shi ne ƙimar da aka amince a kanta tun farko. Mai mota da kamfani su zauna da hotuna da rahoton mai ƙima, su yarda da adadi, a rubuta shi cikin yarjejeniya, ranar asara shi za a biya ba ciniki. A madadin haka kamfani yakan gindaya sharuɗɗa: a ajiye motar a rufaffen wuri, kada ta zama motar zirga-zirgar kullum, wani lokaci a ƙayyade nisan tafiyarta a shekara. Wannan ya dace da ma'anar da ƙungiyar FIVA ta duniya ta ba motar tarihi, wato wadda ta kai shekara 30, aka adana ta a kamanninta na asali, kuma ba da ita ake harkar yau da gobe ba. Duk wanda zai biya cikakkiyar inshora a kan tsohuwar mota ba tare da an rubuta masa irin wannan adadi ba, caca yake yi da kuɗinsa. Idan kamfani ya ƙi rubutawa, gara ya tsaya a ta mutum na uku, ya kashe sauran kuɗin wajen gina mata rumfa da sayen abin kashe gobara.

Kamfanonin takaful, irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful da suka samu lasisi a 2016, su ne ya fi dacewa su buɗe wannan ƙofa a Arewa. Babban abin da ke sa mutane ƙyamar inshora shi ne rashin tabbas a kan abin da za a biya. Adadin da aka amince a kansa, a rubuce, yana rage wannan jahilci a cikin ciniki. Kuma ba sai sun buɗe ofis a kowane gari ba, tunda hotuna da bidiyo da lambar shasi duk ta waya ake turawa.

Kafin sa hannu, akwai tambayoyin da mutumin wannan yanki bai kamata ya tsallake ba. Shin yarjejeniyar ta haɗa da ambaliya da tarzoma da ƙwacen 'yan bindiga, ko sai an biya ƙari? Galibi wasu daga cikinsu daban ake sayensu, kuma wanda ke bin hanyoyin Faskari da Sabuwa ya san wannan ba tambayar wasa ba ce. Sannan idan an yi rajistar motar a matsayin ta gida, aka ɗauko buhunan masara da ita zuwa kasuwar Ɗandume don a biya kuɗin dako, kamfani na iya ƙin biyan diyya gaba ɗaya. Ita ma ƙimar ba ta dawwama. Dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024, kuma kayan gyaran da ake shigowa da su sun bi ta. Adadin da aka rubuta bara ba lallai ya iya sayen gilashi da fitilu da kafireta na asali bana ba, don haka duk lokacin sabuntawa sai an sake ɗaukar hotuna an sake zama da kamfani a kan sabon adadi.