Tsofaffin Briqueterie da Takardar Masu Bincike

A gunduma ta biyu ta birnin Yawunde akwai unguwanni biyu da tafiyar ƙafa take haɗa su. Cité Verte gidaje ne da kamfanin SIC na gwamnatin Kamaru ya gina, ma'aikata suka cika su. Briqueterie kuwa tsohuwar unguwar Hausawa ce, ta sami sunanta daga wurin gasa tubali na zamanin Turawa. Fatake ne suka fara zama a can, jikokinsu su ne teloli da masu tsire da kilishi da masu sayar da yadi na yau. Ko'ina cikin biyun akwai furfura. Amma sa'ad da masu bincike suka fito domin su san yadda tsufa yake a birni, tsohon Cité Verte ne takardarsu ta sani. Na Briqueterie sai a cusa shi cikin layi da ƙarfi, ko a tsallake shi. Wannan ba ƙaramin laifi ba ne, gama da irin waɗannan takardu ake yanke shawarar inda magani da taimako za su tafi.

Ba rashin masana ba ne. A Yawunde ɗin nan cibiyar IFORD take, inda ake horar da masanan ƙididdigar jama'a na ƙasashen Afirka masu yawa. Ƙidayar 2005 ta nuna mutanen Kamaru sun haura miliyan 17, wajen 5 cikin 100 kuwa sun kai shekara 60. Taron Majalisar Ɗinkin Duniya a Madrid a 2002 ya roƙi ƙasashe su yi bincike a kan tsofaffinsu. Duk an ji. Matsalar tana cikin yadda ake yin tambayar.

Tambaya ta fari ita ce shekaru. Tsohon ma'aikaci yana da ranar haihuwa a fayil. Dattijai da yawa a Briqueterie kuwa abin da ke kan katinsu shi ne "né vers", wato an haife shi wajajen shekara kaza, yadda wani akawu ya kintata da ido. Mai bincike da ya san aikinsa zai tambayi dattijo ko ya yi wayo lokacin samun 'yanci a 1960, ko ya yi aure kafin Ahidjo ya sauka a 1982. Mai gaggawa sai ya kwafe abin da ke kati ya wuce, ya mai da ɗan saba'in ɗan hamsin da takwas, ya fid da shi daga lissafi.

Sai harshe. Takardar da Faransanci take, ko Turanci, domin su ne harsunan hukuma. Wa zai yi tafinta? Jikan gidan, ko ɗan da yake ciyarwa. To, a gaban wannan ɗa za a tambayi uba ko yana samun abinci sau uku, ko ana saya masa maganin hawan jini. Wane Bahaushe ne zai tona asirin ɗansa a gaban baƙo? Zai ce, "Sai godiya." Tafinta ya juya, mai bincike ya rubuta cewa mutumin nan ba shi da damuwa. Ashe "sai godiya" takan fito daga bakin wanda ya ƙoshi, takan kuma fito daga bakin wanda ya kwana da yunwa. Wanda bai san kunya da rufin asiri ba, ba zai rarrabe su ba, kome yawan digirinsa.

Na tsofaffin mata ya fi ciwo. Saurayi baƙo iyakarsa zaure. Can ciki kuwa ga tsohuwar da mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna Duwala ko Gabon, yanar ido ta hana ta tuyar ƙosai, ta kasa zubin adashi. Maigida zai amsa a madadinta, ya ce tana lafiya. Iyakar abin da ya sani ke nan.

Akwai masu cewa ai Hausawa ba sa yar da tsofaffinsu, saboda haka ba a bukatar bincike. Yabo ne mai daɗin ji, amma yabon da yake sauke nauyi daga kan hukuma ya ɗora wa talaka. Gaskiya ne zumunci yana nan. Sai dai zumunci ba ya biyan kuɗin aikin ido. Tela ba shi da fansho. A 2014 ne asusun CNPS ya buɗe ƙofa ga masu sana'ar kansu su riƙa zubi da son ransu, fansho kuwa sai an yi shekara 15 ana zubi. Wanda ƙarfinsa ya riga ya ƙare a lokacin, me zai zuba?

Waɗansu kuma sukan ce ware kabila a bincike raba kan ƙasa ne. Ba wanda ya nemi a raba kowa. Abin da ake nema shi ne a tambayi mutum da harshen da yake jin ciwo da shi. A ɗauki matan unguwar masu jin Hausa da Fulatanci, a horar da su, a biya su, su shiga ɗakunan. A zauna da dattijo shi kaɗai, ba sau ɗaya ba. A nemi izinin shugabannin unguwa, amma kada su zaɓi gidajen da za a shiga. In an gama kuma, kada rahoton ya tsaya a kan teburin ma'aikatar jin daɗin jama'a da Faransanci: a komo Briqueterie a karanta wa waɗanda suka amsa, da Hausa, a kai kwafi asibitin Cité Verte.