Zomo Ba Ya Fushi Da Makashinsa

Kwanakin baya wani hoto ya zaga wayoyinmu a nan Achika. Wani Bature ne ya durƙusa a bayan gawar wata dabba mai gashi buzu-buzu, kanta ya kusa kai turmi, ya jingina bindiga a kafaɗarta yana murmushi kamar ango. Beyar ce, dabbar da babu ɗaya daga cikinmu da ya taɓa gani ido da ido. A majalisarmu aka yi ta Allah wadai. Wani ya ce rashin imani ne, wani ya ce kuɗi ne suka yi masa yawa. Ba a yi mako guda ba sai ga wani bidiyo, wannan karon na gida: samari sun kewaye gawar kura, ɗaya ya take kanta da ƙafa, ana ihu ana ɗaga gora. Majalisar da ta tsine wa Bature ita ce ta ce, "Maza ke nan!"

Mun zo ne mu ce hotunan nan biyu uwarsu ɗaya, ubansu ɗaya.

Bari mu fara da na Baturen, don mai karatu ya san irin cinikin da ake yi. A tsibirin Kodiak na jihar Alaska a Amurka akwai beyar da babban namijinta kan haura kilo 600, ya fi yawancin bijiman da ake kaiwa karar Wudil ranar Juma'a. Baƙon da ke son harbinta dole ya ɗauki jagora, ya biya dubban daloli. Ba nama ya kai shi ba. Abin da yake so shi ne fata da ƙoƙon kai. Akwai ƙungiya mai suna Boone and Crockett, wadda Theodore Roosevelt ya kafa a 1887, da ke ajiye littafin bajinta: a auna tsawon ƙoƙon kai da faɗinsa, a haɗa, a rubuta sunan wanda ya harba. Wanda nasa ya fi girma shi ne a sama. To da zarar an mai da kisa gasa, ido ba ya kallon kowace dabba sai wadda ta fi kowa.

Abin da aka ce ya faru a Romaniya ke nan a watan Maris na 2021. Hukuma ta ba da izinin kashe wata macen beyar da ta addabi wani ƙauye a yankin Covasna. Da ƙura ta lafa, sai aka ga wanda ya mutu shi ne Arthur, namiji ɗan shekara 17, wanda ake ɗauka shi ne mafi girma a ƙasar, kuma can cikin daji yake zaune. Ƙungiyoyin kare muhalli suka zargi wani yarima daga gidan sarautar Liechtenstein da harbin. Mutanen ƙauye an bar su da matsalarsu, yarima ya tafi da abin ratayewa. Haka Cecil, zakin gandun Hwange a Zimbabuwe, wanda wani likitan haƙori Ba'amurke, Walter Palmer, ya harba da kibiya a watan Yulin 2015 bayan ya biya kimanin dala 50,000. Zaki ne mai ɗauke da na'urar masu bincike na jami'ar Oxford a wuyansa.

Masu wannan sana'a sukan ce ai ɗaya suka ɗauka, kuma tsoho ne. Duk wanda ya taɓa kiwo ya san wannan magana ba ta da ƙafa. Wane Bafulatani ne zai yanka bijimin da ya fi kowa ƙira a garke, ya bar ramammu su yi barbara? Babban namiji shi ne wanda ya tsallake fari da cuta da faɗa, irinsa ake so ya yaɗu. Kuma ɓarnar ba ta tsaya a kansa ba. A wajen zaki, haka ma a wajen beyar, idan mai gida ya faɗi, wani namijin kan shigo ya kashe 'ya'yan da ya tarar don uwar ta karɓe shi da wuri. Harsashi ɗaya, gawa uku ko huɗu, amma a hoto ɗaya kawai ake gani.

Wannan duk laifin wasu ne, kuma faɗinsa da daɗi. Amma laifi tudu ne.

Afirka ta taɓa mallakar beyar tata, a duwatsun Atlas na Maroko da Aljeriya. An ƙarar da ita tun ƙarni na 19. Mu nan ba mu yi beyar ba, amma mun yi giwa da zaki da ɓauna da gwanki da mariri da jimina da raƙumin dawa. Harshenmu shaida ne: ba a yi wa dabbar da ba a sani ba kirari, ba a saka ta a tatsuniya. Yau yaron Achika da ke son ganin zaki sai an biya masa kuɗin mota zuwa gidan zu na Audu Bako a Kano. Binciken da aka fitar a 2014 ya ƙiyasta cewa zakunan da suka rage a duk Afirka ta Yamma ba su wuce kimanin 400 ba, kuma a Nijeriya sai a Yankari da Kainji. Giwayen Yankari, waɗanda ke cikin manyan garken da suka rage mana, ɗari ne da 'yan kai. Ba likitan haƙori daga Amurka ne ya yi mana wannan ba. Gona ta ci daji, gatari ya ci itace, masu safarar haure sun ci giwa, mu kuma muka bi abin da ya saura da karnuka da wuta. Mun sha ganin an cinna wa fili guda wuta da rani don a kama gafiya biyu da zomo.

Kada wani ya ce muna zagin mafarauta. Ba mu manta da Uromi ba, inda aka kashe 'yan'uwanmu mafarauta 16 a watan Maris na 2025 suna hanyar dawowa gida Kano yin salla, don kawai an gan su da bindigogin sana'arsu. Mun san kuma waɗanda ke shiga dazukan da jami'an tsaro ke shakka, suna neman dabbobin da aka sace da mutanen da aka yi garkuwa da su. Maharbin gaske muna cire masa hula. Shi ne mai ɗaura burtu a goshi ya yi rarrafe rabin yini don ya kusanci abin da zai ciyar da gidansa. Dattawanmu sun gaya mana farauta ta rani ce, bayan an kai amfanin gona gida, kuma mai ciki da mai shayarwa kyale su ake yi. Ko malamanmu na zaure da suka karantar da mu Risala sun nuna mana cewa farauta don neman abinci halal ce, amma farauta don wasa kawai makaruhi ce. Wanda muke magana a kansa shi ne sabon maharbi, mai waya a hannun hagu, wanda bai san sawun gada daga na akuya ba, amma ya san idan ya kwantar da babbar kura ko kada zai samu masu kallo dubu hamsin kafin magariba. Littafin bajintar Bature na takarda ne, namu yana TikTok da Facebook.

Akwai hujjar da ba za mu tsallake ba, don mai nauyi ce. Dabbar daji ba 'yar tsana ba ce. Mutanen Yawuri a jihar Kebbi sun kashe wata dorina a 2024 bayan ta hallaka masunci, aka raba namanta. Wanda dorina ta tattake masa shinkafa a bakin madatsar Dadin Kowa, ko giwa ta shanye masa dawa a gefen Yankari, ba ya bukatar wa'azinmu daga kan waya. Kare rai da gona haƙƙi ne. Shi ya sa ba mu yi wa Mokgweetsi Masisi dariya ba, lokacin da yake shugaban Botswana, da ya ce a watan Afrilun 2024 zai aika wa Jamus giwaye 20,000 su zauna da su su ji yadda ake ji. Ƙasarsa na da giwaye kusan 130,000, kuma yana da gaskiya da ya ji haushin masu ba shi umarni daga ƙasar da ta daɗe da ƙarar da manyan namun dajinta. A can da Namibiya ana ƙirga dabbobi, a ware adadin da za a harba, wani kaso na kuɗin ya shiga asusun ƙauyuka. Ana iya gardama kan ko nawa ke isa hannun talaka, kuma ana yi.

Amma wanda zai ɗauko wannan hujja ya kawo ta Kano, to ya fara nuna mana giwayensa. Mai buhu ɗari shi ke maganar sayar da goma. Mu da tiya ɗaya ta rage mana, iri ce. Kuma a lura da dabarar da ke cikin labarin Arthur, don ana yin irinta a ko'ina: a fake da kukan manomi a harbi abin da ake sha'awa. Dabbar da ta yi ɓarna daban, dabbar da ta fi kyau a hoto daban.

Maƙwabtanmu na Nijar sun gwada hanyoyin biyu. Shekaru da dama attajirai daga ƙasashen Larabawa suna shiga sahararsu da jerin motoci da shaho, suna bin tuje da barewa, su bar kyauta su tafi. Daji bai ƙaru da komai ba. A Kure kuma, kusa da Yamai, raƙuman dawa sun ragu har zuwa 49 a 1996, su kaɗai suka rage na irinsu a duniya. Aka hana taɓa su, aka sa mutanen yankin cikin aikin, wasu suka zama masu yi wa baƙi jagora, aka tallafa wa manoman da ake ci wa wake. Yau sun haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai gandun Gadabeji a jihar Maraɗi. Dabbobin nan a cikin gonakin mutane suke yawo, babu shinge. Talakawa ne irinmu, masu gero da wake irin namu.

Mu fa? Dokar namun daji ta Arewa tana nan tun 1963, ta tarayya kan dabbobin da ke shirin ƙarewa tun 1985. A 2020 aka amince a ɗaga dajin Falgore ya zama gandun ƙasa. Takarda ba ta taɓa yi mana ƙaranci ba. Abin da muke nema daga gwamnatin Kano ba shi da tsada: a ƙirga abin da ya rage a Falgore, a faɗa mana adadin, a biya masu gadin daji haƙƙinsu. Daga masarautu da sarakunan baka kuma, su da ke naɗa shugabannin mafarauta, muna so su fito fili su ambaci dabbobin da aka daina taɓawa, su hana farautar wuta, su daina yi wa wanda ya kashe babba kirari. Maganarsu ta fi ta ɗan sanda shiga kunnen mai gora.

Saura mu, 'yan majalisa. Hausawa sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, kuma a wannan zamani rataya da yatsa ake yi. Bidiyon kurar nan, mun duba, mutum bakwai ne a cikinmu suka tura shi gaba, har da biyu daga cikin waɗanda suka fi kowa tsine wa Bature. Mun tambayi wanda ya fara kawo shi ko kurar ta ci tunkiyar wani ne. Ya ce shi dai ya ga girmanta ne.