Rumbu cike da hatsi, taga a toshe

Batun wannan mako ya shafi wata gardama da ke tashi tsakanin tsohon wasa da sabuwar na'ura, gardamar da sau da yawa a aljihun mai gida take ƙarewa.

Ga yadda abin ya kan faru. A ce wani tsohon ma'aikaci ne a Dogon Dutsi, ko wani ɗan kasuwa a Tibiri, ya buɗe akwatin ƙarfe lokacin hutun lakwal, ya tarar da disket da faya-fayan wasannin da ya riƙa yi a ordinatar ɗin biro bayan tashi daga aiki, can cikin shekarun 1990. Yara suka matsa sai sun gani. Aka kwafe wasan aka sa a wata na'ura da ta fi ta da ƙarfi nesa ba kusa ba. Wasan ya buɗe baƙin allo, ya rubuta layi guda cewa ƙwaƙwalwa ba ta isa ba, ko kuwa bai samu EMS ba, ya rufe. A wata na'urar ma ko buɗewa ba ya yi. Aka kai wa mai gyara, shi kuwa ya ce a sayi ƙarin ƙwaƙwalwa, watau abin da suke kira baret. Aka ƙirga jikkuna aka biya, aka kunna, sai ga layin nan ya sake fitowa kamar ba a yi kome ba.

Wannan kuɗi ya tafi a banza. Na'ura mai jiga 8 ta ninka abin da tsohon wasan yake nema da farko fiye da sau dubu 13. Hatsi yana nan jingim. Hanyar da wasan ya saba bi ya ɗebo ita ce aka toshe, kuma buɗe ta ba ya cin ko dala.

Asalin katangar 640

A watan Agusta na 1981 kamfanin IBM na Amurka ya fitar da na'urarsa ta PC, wadda kusan dukan na'urorin biro na yau jikokinta ne. Injin lissafin da ke cikinta, Intel 8088, bai iya ƙirga ƙwaƙwalwar da ta wuce mega 1, watau kilo 1024. Injiniyoyin IBM suka raba wannan fili biyu: kilo 640 na ƙasa domin tsarin DOS da shirye-shiryen aiki, kilo 384 na sama domin allo da sauran kayan na'urar. A lokacin an ga kamar an yi rabo da yalwa.

Masu lissafin kuɗi ne suka fara cin karo da katangar. A 1983 aka fitar da Lotus 1-2-3, shirin jadawalin lissafi da ya mamaye ofisoshi kafin Excel ya ture shi. Akanta ya cika jadawali da kaya da bashi da albashi, sai kilo 640 su ƙare alhali shekara ba ta ƙare ba. Saboda haka a 1985 kamfanonin Lotus da Intel, sa'an nan Microsoft, suka shirya wata dabara da aka sa wa suna EMS.

Duk wanda ya san rumbun ƙasa na Arewa ya riga ya fahimci dabarar. Rumbu yana iya ɗaukar damman shekara guda, amma ba a shiga cikinsa da amalanke. Ta ƴar taga ake miƙo abin da za a sussuka yau. Haka aka yi wa na'ura. Aka ajiye ƙarin ƙwaƙwalwa a gefe, inda DOS ba ya gani, aka huda taga mai faɗin kilo 64 a cikin filin nan na sama, aka kasa ta gida 4, kowane kilo 16. Shiri ya nemi kashi kaza, a miƙo masa ta tagar, ya gama, a mayar, a miƙo wani. Tsarin EMS na 1987 ya kai rumbun har mega 32, amma tagar da yawancin shirye-shirye suka sani tana nan a kilo 64.

Da injuna masu ƙarfi suka zo, su 286 da 386, sai aka samu wata hanya dabam mai suna XMS a 1988, wadda ke kaiwa ga ƙwaƙwalwar da ke bisa mega 1. A nan ne rikicin suna yake, kuma ya ruɗa masu gyara da yawa. A DOS na Faransanci, EMS ita ce mémoire paginée, XMS kuwa mémoire étendue. Kilo 640 na farko su ne mémoire conventionnelle. Ƙwaƙwalwa iri 3 ke nan, kuma wadatar ɗaya ba ta biyan bashin ɗaya. Wasan da ke neman EMS, ko an tara masa XMS kamar dutsen da ya ba garin Dogon Dutsi suna, ba zai dube ta ba.

Masu ƙera wasanni kuwa kowa da ƙofar da ya zaɓa. Ultima Underworld na 1992 da Master of Magic na 1994 ba su tashi sai da EMS. Ultima VII, shi ma na 1992, ya zo da nasa tsari, ba ya zama wuri guda da mai kula da EMS: in an kunna, shi ya mutu. Doom na Disamba 1993 ba ruwansa da tagar, mega 4 kawai yake so. Prince of Persia, wanda ya zo DOS a 1990, kilo 640 sun ishe shi. Don haka aikin farko, kafin a taɓa kome, shi ne a karanta saƙon da wasan ya rubuta da kyau, a san wace ƙwaƙwalwa ce a cikin ukun yake kuka da ita.

Kowace na'ura da maganinta

In na'urar tsohuwa ce mai MS-DOS ko Windows 95 da 98, sai a rubuta MEM a baƙin allo. Zai jera ƙwaƙwalwar iri-iri da abin da ya rage. In ba a ga EMS ba, amsar tana cikin wata ƴar takardar umarni mai suna CONFIG.SYS. Layi 2 ake nema a ciki. Na farko yana kiran HIMEM.SYS, na biyu yana kiran EMM386.EXE, shirin da ke kwaikwayon tagar a injin 386 da waɗanda suka biyo baya, kuma dole HIMEM ya rigaye shi. Sau da yawa a ƙarshen layi na biyu akan tarar da kalmar NOEMS. Ita ce mai laifi. Shirin MemMaker da ya zo da MS-DOS 6 a 1993 yakan tambayi mutum ko yana da shirin da ke bukatar EMS; wanda ya amsa a'a don gaggawa, an rubuta masa NOEMS, an like tagar. Sai a goge ta a rubuta RAM a madadinta, a sake kunna na'ura. Mai hankali yakan kwafe takardar ya ajiye kafin ya taɓa ta. In kuwa aka yi kuskure na'ura ta ƙi tashi, a MS-DOS 6 danna F5 lokacin kunnawa yana tsallake takardar baki ɗaya.

Amma kowane magani da ɗacinsa. Tagar tana cin kilo 64 a filin sama, inda da can ake ɗora ƙananan shirye-shiryen faifan CD da na linzamin hannu. In suka rasa wuri sai su gangaro cikin kilo 640, wasan kuma ya canza kuka, ya ce yanzu ta ƙasa ce ba ta isa ba. Sai a tabbata akwai layin DOS=HIGH,UMB, a yi amfani da DEVICEHIGH da LH don mayar da abin da zai yiwu sama, a cire abin da wasan ba ya bukata. Wannan ja-in-ja ne ya sa ƴan wasa na wancan zamani suke ajiye disket ta kunna na'ura dabam domin kowane wasa.

In na'urar mai Windows XP ce, irin waɗanda suka cika kasuwar gwanjo, akwai wani ɗan ɗakin DOS a cikinta. A danna wasan da maɓallin dama, a shiga Propriétés, a nemi Mémoire, a ba EMS adadi. Wani lokaci wannan ya wadatar. Wani lokaci kuwa an yi kome daidai amma EMS ta ƙi fitowa, domin sababbin kayan na'ura, su USB da katin sadarwa, sun kafa bukkokinsu a filin nan na sama har ba a samun kilo 64 a jere. Bango ne ya cika, babu inda za a huda taga. Ƙarin baret ba ya kawar da bukka ko ɗaya.

In kuwa na'urar ta yau ce mai Windows na 64 bit, ɗakin DOS ɗin ma babu shi sam, kuma Windows 11 na 2021 ba ya zuwa sai a wannan siffa. A nan babu abin gyarawa. Sai dai a gina wa baƙon ɗaki irin nasa.

Tsohon gida a cikin sabo

Wasu ƴan ƙasar Holand sun fitar da shirin DOSBox a 2002, kyauta ne, kuma ƙarami ne ƙwarai. Aikinsa shi ne ya kwaikwayi tsohuwar na'ura ɗungum, da katangarta ta 640 da tagarta da katin sautinta, a cikin sabuwa. Wasan ya shiga ya ga kome yadda ya bari.

A buɗe dosiye a babban faifai, a sa masa suna WASANNI, a zuba wasan ciki. A cikin DOSBox a rubuta mount c c:\wasanni, sa'an nan c: sa'an nan sunan wasan. Masu allon rubutu na Faransa, wanda ya fara da AZERTY, za su ga haruffa suna fitowa a birkice, A ta koma Q; rubuta keyb fr yana daidaita su. Waɗanda na'urarsu ta ƙetaro daga Najeriya da QWERTY ba su da wannan damuwa.

Takardar umarnin DOSBox tana da layuka 3 da suka shafi wannan batu: xms, ems da umb, kowane a kunne yake tun asali. Mai neman EMS zai same ta ba tare da an yi kome ba. Mai ƙyamarta, irin Ultima VII, sai a mayar masa da layin ya zama ems=false. Akwai kuma memsize, wanda aka bari a mega 16. Kada a yi rawar jiki a ƙara shi: wasu tsofaffin wasanni in suka ga ƙwaƙwalwar da ta wuce ƙidayarsu, lissafinsu yakan juye su ce babu ko kaɗan. In wasan yana gudu kamar an koro shi, Ctrl da F11 na rage masa sauri, Ctrl da F12 na ƙarawa.

Abin da ya fi wasa

Mai karatu na iya cewa duk wannan hidimar yara ce. To, a tuna cewa don jadawalin akanta aka huda tagar nan tun farko. Akwatin da wasa ya fito ciki, sau da yawa a ƙarƙashinsa akwai disket ɗin Lotus, da dBase, da WordPerfect: lissafin kanti na kafin karyewar darajar sefa a Janairu 1994 da na bayanta, jerin masu bashi, sunayen ƴan lakwal, rahoton aikin rijiyoyi a Dallol Mawri. Tun daga lokacin, ofisoshi sun canza suna da hannu. An zaɓi majalisun kananan hukumomi a 2004, an cire Tibiri daga Dogon Dutsi ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, tare da Geceme da Dumega da Kore Mai Ruwa. Takarda tana bin mai ita duk inda aka kai shi, kuma ko bayan shekara 50 ido yana karanta ta. Disket kuwa sai da na'urar da ta san harshenta.

Hanyar da ta tada wasa ita ce ke tada waɗannan shirye-shirye, da sharaɗi guda. Masu DOSBox da kansu sun ce domin wasa suka yi shi. Wanda zai buɗe lissafin dukiya ko ya buga takarda, gara ya nemi DOSBox-X, wanda aka faɗaɗa domin irin wannan aiki, kuma ya yi aiki a kan kwafi, asalin yana ajiye. Sau da yawa ma ba a bukatar tsohon shirin: LibreOffice, shi ma kyauta, yana buɗe jadawalin Lotus da na dBase kai tsaye, a adana su a siffar yau.

Abin da ba ya jira shi ne disket ɗin kanta. Kamfanin Sony ya daina ƙera ta a 2011. Zafin bazara da ƙurar hunturu da laimar damina suna cin abin da ke rubuce a kanta sannu a hankali, kuma wadda ta karantu bana ba lalle ta karantu baɗi ba. Akwai ƙaramin injin karanta disket da ake jonawa ta USB. Guda ɗaya ya ishi biro ko unguwa. A tura ɗan makullin da ke kusurwar disket har ramin ya buɗe domin kada a rubuta kome a kanta, a kwafe duk abin da ke ciki zuwa wuri 2 dabam-dabam, a rubuta a takarda abin da kowace ta ƙunsa da shirin da ya rubuta ta. Sa'an nan a koma kan EMS a tsanake.

Magabata sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in ba a bar tulun ya fashe ba. Shugaban ma'aikata da ke da irin wannan akwati a ɗakin ajiya, da ɗan kasuwar da ya gaji na mahaifinsa, su buɗe shi kafin damina. Mai gyara kuma da aka kawo wa tsohon wasa, ya karanta saƙon allo kafin ya faɗi kuɗin baret.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya yarda.