KAREN ƘETARE DA KAREN GIDA

A 'yan shekarun nan wata al'ada ta bazu tsakanin masu hannu da shuni na manyan biranen ƙasar nan, watau sayo 'yan kwikwiyo daga ƙasashen ƙetare. Mutum sai ya aika da kuɗi masu yawa zuwa ga wani mai kiwon karnuka a Jamus, ko Rasha, ko Afirka ta Kudu, a ɗoro masa ɗan kwikwiyo a jirgin sama tare da takardar da ta jera sunayen iyayensa da kakanninsa. Daga cikin irin da aka fi so akwai Alsheshan, wanda jama'a ke kira karen 'yan sanda, da Rotwaila, da Burbul, da wani ƙaton kare mai tarin gashi na duwatsun Kokasus. Dalilin da masu saye suka fi bayarwa shi ne tsaron gida.

Idan kuwa maganar tsaro ce, to, babu inda ya fi cancanta a auna wannan al'ada kamar ƙasar Gobir, musamman Sabon Birni da Isa. Kowa ya san irin wahalar da mutanen wannan yanki suka sha a hannun 'yan bindiga. A shekarar 2019 dubban jama'a suka tsallaka iyaka zuwa Jihar Maraɗi don tsira da rayukansu. A watan Mayu na 2020 aka kashe mutane masu yawa a ƙauyukan Sabon Birni a rana guda, sannan a watan Disamba na 2021 aka ƙone matafiya a cikin mota a kan hanyar yankin. Wanda ya kwana da irin wannan fargaba ba za a ga laifinsa ba idan ya nemi abin da zai farkar da shi da dare. Malaman fiƙihu ma sun halatta ajiye kare saboda farauta da kiwo da gadin gona. Abin tambaya kawai shi ne, wane kare, kuma da wane sharaɗi?

Abu na farko da ya kamata mai sha'awar karen ƙetare ya duba shi ne yanayin ƙasa. Karen Kokasus an yi kiwonsa ne don gadin tumaki a cikin dusar ƙanƙara. A ƙasar Sakkwato kuwa, zafin watan Afrilu yakan haura digiri 40. Ajiye irin wannan dabba a cikin bazarar Gobir azaba ce gare ta, asara ce ga mai ita. Ga kaska da cututtukan jini da take ɗauke da su, waɗanda baƙon kare bai saba da su ba. Ga abincin kanti da magunguna, waɗanda yawancinsu daga waje ake kawo su, alhali tun daga watan Yuni na 2023, lokacin da aka bar kasuwa ta yanke darajar Naira, kuɗin duk abin da ake shigowa da shi ya ninka. Kare da ba zai rayu ba sai da na'urar sanyaya ɗaki ba shi da abin da zai tsinana wa manomin bakin Gulbin Rima.

Abu na biyu shi ne doka. Shigo da dabba cikin ƙasa ba kamar shigo da rediyo ba ne. Dokar hana yaɗuwar cututtukan dabbobi ta 1988, wadda aka sabunta a 2022, ta wajabta neman izini daga hukumar likitocin dabbobi ta Tarayya, da takardar shaidar lafiya daga ƙasar da dabbar ta fito, sannan jami'an killace dabbobi su duba ta a mashiga. Wannan doka tana da dalili. A shekarar 1978 wata sabuwar cutar amai da gudawar jini ta ɓulla tsakanin karnuka, kafin shekara biyu ta game duniya, har yau kuma tana kashe 'yan kwikwiyo. Amma wanda ya san iyakar Sabon Birni da Jamhuriyar Nijar ya san cewa hanyoyin daji sun fi ƙofofin hukuma yawa. An rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta a 2023 bayan juyin mulkin Nijar har zuwa Maris 2024, duk da haka ƙafa ba ta ɗauke ba, domin Bagobirin Sabon Birni da na Tsibiri 'yan gida ɗaya ne tun kafin Turawa su ja layi. Inda mutum ya bi, nan karensa zai bi, babu mai tambayarsa takarda.

Abin mamaki shi ne, karen da wasu Turawa ke alfahari da shi a yau daga maƙwabtan Gobir ya fito. A arewacin Tawa akwai kwarin Azawak, wanda makiyaya suka sani saboda shanunsa masu nono. Nan ne asalin wani siririn kare mai dogayen ƙafafu, wanda Buzaye suka daɗe suna ajiyewa don gadin rugga da farautar barewa da zomo. A farkon shekarun 1970 aka fara kai shi Yugoslabiya da Faransa. Aka rubuta siffofinsa, aka buɗe masa littafin asali, ƙungiyar masu karnuka ta duniya ta amince da shi a matsayin iri mai zaman kansa, sannan a 2019 babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta ba shi cikakkiyar rajista. Yanzu wanda yake son karen Azawak mai takarda, sai ya nema a Turai da kuɗin ƙasashen waje. Haka aka yi da jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, wadda fatarta ta ƙetare Sahara shekaru aru-aru, aka riƙa sayar da ita a Turai da sunan fatar Maroko. Takardar asali ba ta ƙara wa dabba komai ba. Abin da ta nuna kawai shi ne wani ya kula, ya zauna ya rubuta.

Karen mafarauta da na makiyaya na ƙasar Gobir yana da abin da kuɗi ba sa saye. Yana jure zafi da ƙishirwa, yana rayuwa a kan ragowar tuwo da abin da ya samu, ya san na gida ya san baƙo, haushinsa kuma yana kaiwa nesa. Abu ɗaya ya rasa, watau allurar riga-kafin ciwon hauka. Nan ne ainihin hatsarin yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kamar 59,000 kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari na waɗanda ake ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Alhali kuwa tun 1885 Luwi Fasto na Faransa ya gwada maganin riga-kafinsa, kuma masana sun tabbatar cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan wani yanki allura, ciwon yakan daina yaɗuwa. Ƙasashen duniya sun sa shekarar 2030 a matsayin lokacin kawo ƙarshen mutuwar mutane ta wannan hanya.

Ƙasashen da ake sayo karnuka a wurinsu ba sa wasa da wannan lamari. A watan Yuli na 2021 Amurka ta dakatar da shigo da karnuka daga ƙasashe fiye da ɗari masu fama da ciwon, har da Nijeriya. Da ta sake tsarin a watan Agusta na 2024, sai ta ce kada kare ya shiga ƙasarta sai ya cika wata shida, kuma yana ɗauke da alamar shaida a ƙarƙashin fatarsa. Su suna tsare ƙofarsu, a nan kuwa yaron da kare ya ciza a wani ƙauyen Isa sai ya bi hanya mai hatsari kafin ya kai asibitin da zai samu allura, idan ma iyayensa suna da kuɗinta.

Saboda haka wajibi ne a juya akalar. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Vom, wadda take can tun 1924, tana harhaɗa allurar karnuka. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana yaye likitocin dabbobi a Sakkwato. Ya kamata Gwamnatin Jiha da ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa su haɗa ƙarfi a yi wa karnuka allura kyauta kowace shekara, a bi ta hannun sarakuna da hakimai da shugabannin mafarauta, a kuma nemi haɗin kan hukumomin Maraɗi, tun da ciwo bai san iyaka ba. A ajiye allurar mutane a manyan asibitocin garuruwan biyu, a tanadi firiji mai aiki da hasken rana. A riƙa sanar da jama'a ta rediyo da masallatai cewa wanda kare ya ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, ya nufi asibiti a ranar, kada ya tsaya jiran alamu. Masana jami'a kuma su yi nazarin karen gida, su rubuta siffofinsa kafin wasu su zo su rubuta.

Wanda yake da hali ya ga lalle sai karen ƙetare, ba a hana shi ba, amma ya bi ta ƙofa, ya cika sharuɗɗan doka, ya kuma tabbata dabbar ba za ta zama barazana ga 'ya'yan maƙwabta ba. Sai dai ya tuna da karin maganar Hausawa, gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa. Kuɗin ɗan kwikwiyo ɗaya da na jirginsa sun isa a yi wa karnukan ƙauyuka da yawa allura.

Daga ƙarshe, kare komai ƙarfinsa ba ya tare harsashi. Iyakar aikinsa ya yi haushi ya tayar da mai barci. Tsaron rayuka da dukiyar mutanen Gobir nauyi ne da ya rataya a wuyan hukuma, kuma jama'ar Sabon Birni da Isa sun zuba ido su ga an sauke shi.